Ƙaramin Ninkin Tarayya: Hanyar Warware Lambobi da Dangantakarta da Lissafin Gado

Cikin darussan lissafi da a ke koya wa yara akwai wani wanda galibi a kan wuce shi a gurguje, watau neman lamba mafi ƙanƙanta wadda lambobi biyu ko fiye za su raba ba saura. Malami ya kan ba da ƙa'ida, yara su haddace, su ci jarrabawa da ita, bayan wata biyu ta zube. In aka tambayi ɗalibin da ke shirin zama malami don me a ke ɗaukar wannan lamba a bar waccan, sau da yawa iyakar amsarsa ita ce haka aka koya masa. Wannan kuwa hasara ce, gama a kan wannan darasi tara kaso da kaso ya dogara. Wanda bai san ta inda 24 ta fito ba, ba zai gane abin da ya sa sudusi da sumuni in an tara su su ke ba da kashi 7 cikin 24 ba.

Nufinmu a wannan takarda shi ne mu bayyana hanyar neman wannan lamba da Hausa, tare da dalilin da ya sa hanyar ta ke fita daidai. Sa'an nan mu nuna cewa malaman gado na ƙasar nan sun daɗe suna wannan aiki da waɗansu sunaye nasu, kuma abin da su ka haddace da abin da a ke koyarwa a aji tushensu ɗaya.

1. Kalmomin aiki

Tilas mu fara daidaitawa a kan kalmomi, domin rabin wahalar yaro a wannan darasi ta harshe ce.

Kalma ta farko ita ce ninki. A maganar yau da kullum in an ce ninkin 6, Bahaushe 12 zai ji, don ninkawa a wurinsa ita ce a mai da abu biyunsa. A lissafi kuwa ana bukatar a faɗaɗa ma'anar. Ninkin 6 shi ne ko wace lamba da mutum zai sauka a kanta in yana ƙirga shida-shida: 6, 12, 18, 24, har abin da ya yi gaba. Ya kamata malami ya faɗi wannan a fili tun ranar farko. Misalin da zai taimaka shi ne na fatake biyu da su ka tashi daga gari ɗaya, su ka bi hanya ɗaya. Ɗaya yana ya da zango bayan ko wane mil 4, ɗaya bayan ko wane mil 6. Zangon farko da dukansu biyu za su sauka yana mil 12, na biyu mil 24, na uku mil 36. Duk waɗannan ninkin tarayya ne na 4 da 6, amma 12 ita ce ƙaramin ninkin tarayya, ita ce kuma abin nemanmu.

Kalma ta biyu ita ce ma'auni. Za mu ce 3 ma'aunin 12 ce, domin in ka auna 12 da uku-uku, kamar yadda a ke auna hatsi da mudu, za ta ƙare cif a awo na huɗu. 5 ba ma'aunin 12 ba ce, don za a bar saura 2. Ba mu muka fara wannan kwatanci ba. Iƙlidis na Iskandariyya, wanda ya rubuta littafinsa na tushen lissafi wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, da fi'ilin awo ya ke faɗin wannan ma'ana a Girkanci.

Kalma ta uku ta fi wuya. Akwai lambobin da ba su da ma'auni sai 1 da su kansu, kamar 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19. Muna ba da shawarar a kira irin wannan lamba gagara-raba, bisa tsarin da Hausa ta riga ta saba da shi a kalmomi kamar gagara-gasa da gagara-misali. In kuwa ana maganar gagara-raba da ke cikin wata lamba, sai mu ce tubalanta, tun da da su aka gina ta. Tubalan 12 su ne 2, 2 da 3, domin 2 × 2 × 3 = 12. A lura, haɗa tubala a nan ninkawa ce, ba tarawa ba.

2. Hanyar jerawa da iyakarta

Hanyar da ta fi sauƙin ganewa ita ce ta fataken nan. A jera ninkin ko wace lamba, a duba inda su ka fara haɗuwa. Ga 12 da 18, jerin farko 12, 24, 36, na biyu 18, 36. Amsa 36. Da wannan ya kamata a fara wa yara, domin ita ke nuna musu ma'anar abin da a ke nema. Haka kuma in an ce wata kasuwa tana ci ko wace ranar Juma'a, wata kuwa bayan ko wane kwana 4, yadda kasuwannin ƙasar Ibo su ke yi, yaro zai iya jerawa ya ga cewa in sun ci rana ɗaya yau, ba za su sāke haɗuwa ba sai bayan kwana 28.

Amma a gwada ta da 84, 90 da 120. Sai an rubuta ninkin 84 har guda 30, na 90 guda 28, na 120 guda 21, kafin a iske inda su ka haɗu. In aka yi kuskuren tarawa a wuri ɗaya, duk abin da ya biyo baya ya ɓaci. Saboda haka ana bukatar hanyar da za ta gina amsar kai tsaye, ba sai an yi ta lalube ba.

3. Warware lamba zuwa tubalanta

Ana warware lamba ta raba ta da gagara-raba mafi ƙanƙanta da za ta shige ta, a yi ta maimaitawa har a sauka a kan 1. Ɗauki 120. Raba da 2, 60. Raba da 2, 30. Raba da 2, 15. Yanzu 2 ba ta shiga, sai a koma 3, a sami 5. Raba da 5, 1. Ashe 120 = 2 × 2 × 2 × 3 × 5.

Wani zai iya farawa ta wata kusurwa, ya ce 120 ai 10 sau 12 ce, ya warware 10 ta ba shi 2 da 5, ya warware 12 ta ba shi 2, 2 da 3. Tubalan da ya samu su ne dai na ɗazu, 2 guda uku, 3 guda, 5 guda. Ba dace aka yi ba. Ko wace lamba da ta wuce 1, ko dai gagara-raba ce, ko kuwa tana warwaruwa zuwa tubala ta fuska ɗaya tak, in ban da sāke musu jeri. Iƙlidis ya kawo hujjojin da wannan magana ta dogara a kansu a kashi na 7 na littafinsa. Kamaluddin al-Farisi, masanin ƙasar Farisa, ya tabbatar a farkon ƙarni na 14 cewa ko wace lamba tana warwaruwa zuwa tubala. Gauss, Bajamushe, shi ya rubuta cikakkiyar hujjar cewa warwarar ɗaya ce, a littafinsa na shekarar 1801.

Daga nan a ke gane dalilin da ya sa ba a lissafa 1 cikin gagara-raba. Da an yarda ta shiga, da 6 ta zama 2 × 3, ta kuma zama 1 × 2 × 3, ta kuma zama 1 × 1 × 2 × 3, ba iyaka, ƙa'idar ta rushe ke nan.

Ɗalibai kan tambaya har ina za a yi ta gwaji kafin a tabbata lamba gagara-raba ce. Amsa ita ce a tsaya da zarar lambar gwajin, in an ninka ta da kanta, ta wuce wadda a ke warwarewa. Tun da 11 × 11 = 121, duk lambar da ba ta kai 121 ba ya isa a gwada ta da 2, 3, 5 da 7. Amma lalle a gwada 7, domin 91 ta sha ruɗin yara, alhali kuwa 7 × 13 ce.

4. Ƙa'ida da dalilinta

Bari mu koma ga lambobin nan uku, mu warware su.

84 = 2 × 2 × 3 × 7
90 = 2 × 3 × 3 × 5
120 = 2 × 2 × 2 × 3 × 5

Ƙa'idar ita ce a bi tubalan iri-iri, a duba lambar da ta fi yawan ko wane iri, a ɗauki adadin da ke cikinta. Wajen 2, 120 ta fi, tana da uku. Wajen 3, 90 ta fi, tana da biyu. 5 ba ta wuce guda a ko ina ba, haka ma 7. Saboda haka:

2 × 2 × 2 × 3 × 3 × 5 × 7 = 2,520

To, me ya sa haka? Lamba ba za ta aunu da 84 ba sai in 84 ce aka ninka da wata. Tun da warwara ɗaya ce, tilas tubalan 84 duka su kasance cikin tubalanta. Ashe lambar da mu ke nema kamar tsibin tubala ce wanda za a iya gina 84 daga cikinsa, a rushe a mayar, a gina 90, a rushe a mayar, a gina 120. Ba a ce a gina su lokaci ɗaya ba. Don haka 2 guda uku sun wadatar: 120 za ta yi aiki da ukun, 84 ta ɗauki biyu daga cikinsu, 90 ta ɗauki ɗaya. In aka rage 2 guda, 120 ba ta ginuwa. In aka rage 3 guda, 90 ba ta ginuwa. In kuwa aka ƙara wani tubali, lambar za ta ci gaba da zama ninkin tarayya, sai dai ba ita ce ƙarama ba.

Wanda ya gane wannan ya tsira daga kurakurai biyu da su ka fi yawa a takardun yara. Na farko shi ne a kwashe tubalan duka a ninka, watau 84 × 90 × 120 = 907,200. Wannan ninkin tarayya ce, amma ta fi amsar gaskiya sau 360. Na biyu shi ne a ɗauki mafi ƙarancin ko wane tubali maimakon mafi yawa, don yaro ya ji an ce ƙarami. Abin da zai samu shi ne 2 × 3 = 6, wadda ita ce babban ma'aunin tarayya na lambobin uku, wani abu dabam.

Tsakanin waɗannan biyu akwai dangantaka mai amfani. Ga lambobi biyu, in ka ninka ƙaramin ninkin tarayya da babban ma'aunin tarayya, za ka sami abin da lambobin biyu su ke bayarwa in an ninka su. Alal misali 12 × 18 = 216, kuma 36 × 6 = 216. Dalili kuwa, a ko wane tubali ɗaya ya ɗauki mai yawa, ɗaya ya ɗauki mai kaɗan, tsakaninsu sun kwashe duka. Amma a gargaɗi ɗalibai cewa wannan ba ta tafiya ga lambobi uku: 2,520 × 6 = 15,120 ne, ina ita ina 907,200.

Ita 2,520 ɗin ta cancanci a riƙe ta. Ita ce lamba mafi ƙanƙanta da ko wace lamba daga 1 zuwa 10 ta ke aunawa, watau tana da rabi, da sulusi, da rubu'i, da humusi, da sudusi, da subu'i, da sumuni, da tusu'i, da ushiri, duka ba gutsure. Yara kan riƙe ta da sauƙi in an ce musu 7 × 30 × 12 ce.

5. Lissafin gado

A makarantun zaure, wanda ya kai babin gado a ƙarshen Muhtasar na Shehu Halilu, malamin Masar na ƙarni na 14, zai tarar da wannan darasi, ko da ya ke ba da wannan suna ba. A nan lissafin kaɗai mu ke dubawa, hukunci kuwa na malaman fiƙihu ne.

Kason da aka ƙayyade wa magada guda shida ne: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi, da sudusi. Aikin farko na mai rabo shi ne ya nemi lamba mafi ƙanƙanta wadda za a fitar da kason kowa daga cikinta ba gutsure. Ita a ke kira asalin mas'ala, kuma ita ce ƙaramin ninkin tarayya na lambobin da ke ƙarƙashin kason. Ɗalibi ya kan haddace cewa asulan guda bakwai ne: 2, 3, 4, 6, 8, 12, 24. Hanyar warwara tana nuna dalilin wannan adadi nan take. Lambobin da ke ƙarƙashin kason su ne 2, 3, 4, 6 da 8. Ba wani tubali cikinsu sai 2 da 3. 2 ba ta wuce guda uku ba, a cikin 8, 3 kuwa ba ta wuce guda ba. Saboda haka ko wane asali tilas ya ginu daga cikin 2 × 2 × 2 × 3, watau ya zama ma'aunin 24. Ma'aunan 24 kuwa, in an cire 1, su ne bakwai ɗin nan, ba ƙari ba ragi. Har ma asula biyu da waɗansu malamai su ka ƙara a babin kaka da 'yan'uwa, 18 da 36, suna bin wannan hanya: a can ana ba da sulusin abin da ya saura, sai 3 ta shigo sau biyu, 18 = 2 × 3 × 3, 36 = 2 × 2 × 3 × 3.

Littattafan gado suna kasa dangantakar lambobi biyu gida huɗu, ko wane gida da hukuncinsa. Tamasuli shi ne su zama daidai, kamar 6 da 6, sai a ɗauki ɗaya. Tadahuli shi ne ƙarama ta auna babba, kamar 4 da 8, sai a ɗauki babbar. Tabayuni shi ne su rasa ma'aunin tarayya sai 1, kamar 3 da 8, sai a ninka wannan duka da waccan duka. Tawafuƙi shi ne su yi tarayya a wani ma'auni, kamar 6 da 8 da su ka haɗu a rabi, sai a ninka ɗaya da rabin ɗayar, 3 × 8 = 24. In an duba da idon tubala, hukunce-hukuncen nan huɗu ƙa'ida ɗaya ce. A tamasuli tubalan iri ɗaya ne. A tadahuli tubalan ƙarama suna cikin na babba. A tabayuni ba tubalin da ya bayyana a wuri biyu, don haka ba abin da za a zubar. A tawafuƙi akwai tubalin da su ka yi tarayya a kai, ɗaukar rabin ɗayar kuwa shi ne hana a ƙirga shi sau biyu.

Ga misali cikakke. Mutum ya rasu ya bar mata 4, da uwa, da 'ya'ya maza 2, da 'ya'ya mata 2. Matan aure suna tarayya cikin sumuni, uwa tana da sudusi, saura na 'ya'ya. 8 = 2 × 2 × 2, 6 = 2 × 3, asali 24. Matan aure 3, uwa 4, saura 17. Amma 3 ba ta rabuwa ga mutum 4. Haka 17 ba ta rabuwa ga kai 6, tun da ko wane namiji kai biyu a ke lissafa shi. Sai a sāke neman ƙaramin ninkin tarayya, wannan karon na 4 da 6, shi ne 12. A ninka asali da shi, 24 × 12 = 288. Matan aure sun sami 36, ko wacce 9. Uwa 48. 'Ya'ya 204, ko wane namiji 68, ko wace mace 34. Sau biyu aka yi aiki da darasinmu cikin mas'ala ɗaya. Da an ninka 4 da 6 kai tsaye, da an tafi 576, rabon ya fita, amma da lambobin da su ka ninka na bukata.

6. Inda hanyar warwara ta ke gazawa

Kada a bar ɗalibai su zaci wannan hanya ita ce mafi sauri ko yaushe. Ɗauki 391 da 667. Kafin mutum ya gano 391 = 17 × 23 sai ya gwada 2, 3, 5, 7, 11 da 13 a banza. Akwai wata hanya, wadda Iƙlidis ya buɗe kashi na 7 da ita, kuma irinta ce Muhtasar ya ba da don gane gidajen nan huɗu. A yi ta fitar da ƙarama daga babba, sa'an nan a fitar da saura daga ƙaramar, har wani saura ya cinye na gabansa. 391 daga 667, saura 276. 276 daga 391, saura 115. 115 sau biyu daga 276, saura 46. 46 sau biyu daga 115, saura 23. 23 ta cinye 46. Ashe babban ma'aunin tarayya 23 ne. A raba 391 da 23 a sami 17, a ninka 667 da 17, amsa 11,339.

In lambobi su ka yi girma ƙwarai, bambancin hanyoyin biyu ya kan wuce misali. Kwamfuta tana gama hanyar fitarwa kafin ƙiftawar ido ko da lambobin suna da alƙaluma ɗari-ɗari, amma warware irinsu yana cin lokaci mai tsawo. A kan wannan wahala aka gina tsarin ɓoye saƙo na RSA, wanda masana uku su ka fito da shi a Amurka a 1977. Sai a shekarar 2020 aka iya warware wata lamba irin tasa mai alƙaluma 250, bayan an haɗa ƙarfin kwamfutoci masu yawa. Amfanin hanyar warwara a aji shi ne tana nuna dalili, kuma tana ɗaukar lambobi uku ko huɗu gaba ɗaya.

7. Shawara ga malaman kwalejoji

Muna ganin ya fi kyau a bi darasin bisa wannan jeri. A fara da jerawa, da ƙananan lambobi, har yaro ya iya faɗi da bakinsa abin da a ke nema. Sa'an nan a ba shi lambobin da jerawa za ta gajiyar da shi, domin ya ji bukatar wata hanya kafin a ba shi ita. Daga nan a yi warwara, a sa yara biyu su fara lamba ɗaya ta kusurwa dabam-dabam su ga sun sauka wuri ɗaya. Kada a faɗi ƙa'ida sai bayan an yi wasan tsibin tubala da duwatsu ko ƙwallayen dabino, iri ɗaya a madadin 2, wani iri a madadin 3, a bar su su gano da kansu guda nawa za su wadatar.

Inda akwai ɗaliban da su ka yi karatun zaure, a nemi su kawo gidajen nan huɗu, a warware misalansu a kan allo. Jarrabawar da za ta nuna ko an gane ita ce a tambayi ɗalibi don me 16 ba ta cikin asulan gado, alhali 8 da 24 suna ciki. Wanda ya ce domin tana bukatar 2 guda huɗu, kuma ba kason da ke da su, ya iya darasin.

Game da kalmomin da mu ka kawo, ninki da ma'auni suna cikin harshe tun da daɗewa, faɗaɗa su kaɗai aka yi. Gagara-raba da tubali kuwa shawara ce, aji ne zai gwada su. Muna roƙon malaman da su ka yi aiki da su su rubuto wa wannan sashe abin da su ka gani, musamman in sun ji yara da kansu sun ƙago wata kalma da ta fi waɗannan zama a baki.